Rabin Fatawar Baba

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya ara mini kwanakin da har na zauna ina wannan rubutu. Bello, Hadiza, wannan babin naku ne fiye da sauran, domin a kansa ne na fi jin kuna magana da ƙarfin gwiwa alhali ba ku san yadda aka yi ba. Kun taso kuna cewa Kawunku Malam Buhari mutum ne mai ƙin zamani, wai shi ya rufe littattafan kakanku a adaka, ni kuma tsoronsa ya sa na kashe aikin da na fi so a duniya. Na sha jin ku kuna faɗa a tsakar gida kuna dariya, kuna zaton barci nake. Ba barci nake ba. Shiru na yi domin a lokacin Kawunku yana raye, kuma ba na son ya ji ina wanke shi kamar wani mai laifi. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, Allah ya jiƙansa, sai ku natsu ku saurara.

Gidanmu na Ƙofar Atiku gidan karatu ne tun kafin a haife ni. Baba, wanda gari ke kira Malam Babba, ya rasu ya bar adaka cike da takardun hannunsa, kowane ɗauri a cikin gafakarsa ta fata. Yawancinsu fatawoyi ne, wato amsoshin tambayoyin da manoman gero da shinkafa da 'yan kasuwa suke kawo masa zaure, wasu ya rubuta da Larabci, wasu da ajami. Yaya Malam, wato Kawunku, shi ya gaji zauren, kuma babu takarda ɗaya a adakar nan da bai karanta a gaban Baba ba. Ni kuwa boko aka sa ni. Na ƙare a ofishin gwamnati ina dukan tafireta, da kwamfuta ta shigo aka tura ni kos, na kama ta hannu biyu ban sake ta ba har na yi ritaya. Zaman gida bai karɓe ni ba ko kaɗan. Na share abin sharewa, na ziyarci duk wanda ake ziyarta, hannuna bai daina ƙaiƙayi ba.

Wanda ya cece ni shi ne Nasiru, babban ɗan Yaya Malam. A lokacin magidanci ne da 'ya'yansa, yana rubuta wa kamfanoni manhaja daga wani ɗaki a saman bene a Sabon Gari, inda shi da abokansa suka haɗa sola. Ya yi karatu mai zurfi a gaban ubansa kafin kwamfuta ta ɗauke masa hankali, amma gaggawa ce da shi, ko tuwo ba ya jira ya huce. Shi ya fara lura gara ta soma cin gefen takardun Baba. Ya ce a ɗauki hotonsu, a buga su da kwamfuta, a sa a intanet kowa ya amfana. Wata ƙungiya ta ara mana na'urar ɗaukar hoton takardu, muka sami matasa masu iya bugu, muka je wa Yaya Malam da maganar. Ku lura da kyau, domin nan ne labarinku ya fara kaucewa: bai hana ba. Abin da ya ce kawai shi ne:

"Ku kwahe, Allah shi sa albarka. Amma takardun Malam ba su kwana waje."

Haka muka yi. Da safe a ɗauko gafaka ɗaya, kafin magariba ta koma adakarta.

Nasiru ya ce ba za mu bar abin da muka buga a warwatse a kwamfutocin mutane ba. Akwai wani dandali a intanet inda masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu, suna kiransa ma'ajiyar kod, can ya buɗe mana wuri. Abin da ya burge ni da ita shi ne ba ta mantuwa. Duk wanda ya ƙara layi ko ya goge harafi, tana riƙe da sunansa da lokacin da ya yi, kuma ana iya komawa baya. Masu wannan sana'a suna da tasu al'ada, Nasiru ya dinga cusa mana ita har muka haddace: kada ka jira sai ka gama, ka tura abin da ka yi kaɗan-kaɗan, domin wuta na iya ɗaukewa, kwamfuta na iya mutuwa, aikin yini ya tafi a banza. Al'ada ce mai kyau, har gobe ina yaba ta.

Matsalar ita ce ma'ajiyar daban, shafin intanet da jama'a ke karantawa daban, zauren hirar dangi na waya shi ma daban. Duk lokacin da aka ƙara wani abu, sai wani ya kwaso shi da hannu ya kai shafi, sannan ya sanar da dangi. Wannan wanin kuwa ni ce. Gwiwoyina suka fara ƙorafi da benen Sabon Gari, na ce lallai akwai hanyar da ta fi wannan. Ina bincike na ci karo da abin da ake kira webhuk. Kada sunan ya tsorata ku, ɗan aike ne kawai. Maimakon shafi ya dinga zuwa ƙofar ma'ajiya yana tambaya ko an sami sabon abu, sai ka ba ma'ajiyar adireshi, ka ce mata da zarar abu kaza ya faru, ki aika can ki faɗa. Kai ne za ka zaɓi abin da zai tashe shi, ko duk lokacin da aka turo aiki, ko sai an haɗa aiki da babban reshe, wato inda ake tara aikin da aka kammala. Akwai kuma kalmar sirri da ɓangarorin biyu suka sani, don kada wani ɗan iska ya yi shigar ɗan aikenka ya kawo ƙarya. Idan saƙo ya isa, sai ka ga alama koriya a gefensa, idan bai isa ba ka ga ja, ka sake tura shi.

Na ɗaura guda biyu. Na farko yana gaya wa injin da ke gina shafi cewa an turo sabon abu, ya ɗauka ya fitar. Na biyu yana jefa saƙo a zauren dangi cewa an ƙara shafi. Ranar da na ga koriyar alamar nan ta farko, na duba wayata na ga rubutun Baba ya fito ba tare da hannun kowa ya taɓa shi ba, wallahi guɗa na yi a ɗakin nan. Abokan Nasiru suka ɗago kai a firgice.

"Goggo Luba," in ji shi yana dariya, "ke dai da an haihe ki zamaninmu da mun rasa aiki."

Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Har yau kuma ba na jin haushin ɗan aiken nan, abin da aka ce ya yi shi ya yi.

To, Baba yana da nasa salon rubuta fatawa, wanda duk ɗalibinsa ya sani. Idan tambaya ta zo mai ra'ayi biyu, ba ya farawa da abin da ya yarda da shi. Sai ya ɗauko hujjar waɗanda bai yarda da su ba, ya shimfiɗa ta, ya yi mata ado, ya ƙarfafa ta fiye da yadda masu ita za su iya, har mai karatu ya rantse nan Malam ya tsaya. Sai a shafi na gaba ya juyo ya warware ta zare-zare, ya faɗi hukunci. Yana cewa wanda bai yi wa abokin jayayyarsa adalci ba bai cancanci ya kayar da shi ba. Wata rana Nasiru ya zauna buga wata fatawa a kan gona: ko mutumin da ya daɗe yana noma fili, masu shi suna kallo ba su yi magana ba, filin ya zama nasa? Ya buga shafin farko, inda Baba ya jero hujjojin masu cewa ya zama nasa. Aka kira shi a waya cewa ana jiransa za a tafi suna Birnin Kebbi. Ya yi abin da ya koya mana, ya tura rabin da ya buga don kada ya ɓace, ya rufe kwamfuta ya tafi. Ɗan aikena ya ruga ya gaya wa shafi, shafi ya fitar da rabin nan da sunan Malam Babba a sama. Saƙo ya faɗa zauren dangi, kowa ya rubuta masha Allah, babu wanda ya buɗe ya karanta. Kai ma, Bello, ka rubuta, har da hoton hannu biyu na addu'a.

Ba a daɗe ba, wata safiya ina cikin gida wajen Kulu, matar Yaya Malam, muna tsince shinkafa, sai na ji sallamar baƙo a zaure. Ƙofar cikin gida a buɗe take saboda zafi, magana tana iso mu sarai. Wani manomi ne daga ƙauyukan bakin gulbi, dattijo, muryarsa cike da murna.

"Allah shi gahwarta Malam, ga hukuncin Malam Babba na zaka da shi. Ɗana yab bugo min shi Sabon Gari. Hwadamag ga shekara da shekaru ni ka noma ta, yanzu ɗiyan ƙanen tsohona sun tashi wai aro anka ba mu. To ga shi Malam Babba ya ce wanda yad daɗe da riƙo shi ad da ita. Na ce bari in zo ka sa min hannu."

Na ji ƙarar takarda ana buɗe ta. Can Yaya Malam ya tambaye shi a hankali ko ya nuna wa wani.

"Na kai ma maigari. An karanta gaban jama'a bayan Juma'a. Sun ji kunya, ko gaisuwa ba mu yi yanzu."

Na ajiye faifan da ke hannuna. Yaya Malam ya aiko aka ɗauko gafakar, ya karanta wa mutumin fatawar tun daga farko har ƙarshe. Baba ya ce abin da aka bayar aro ba ya zama mallaka komai daɗewarsa, musamman tsakanin 'yan'uwa, domin shirun ɗan'uwa kara ce, ba kyauta ba ce. Da ya gama, dattijon bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi, kuma ita ce ta sauya mini shekarar nan gaba ɗaya.

"To Malam, wacce ta maganar Malam Babba? Ta cikin waya ko wagga?"

Washegari Yaya Malam ya sa aka kai shi ƙauyen nan a bayan babur, da ciwon ƙafarsa, cikin zafin bazarar Sakkwato da kuka sani. Ya tara mutanen da suka ji rabin farko, ya karanta musu cikakkiyar fatawa, ya zauna har ya sasanta 'yan'uwan, aka bar wa dattijon noman filin a matsayin aro kamar da. Ya dawo ƙafarsa a kumbure. Sai bayan ya huta ya aika aka kira ni da Nasiru. Kun ɗauka tsawa ya yi mana, ko? Ko kusa. Shayi ya sa aka kawo mana, sannan ya tambayi wanda ya ba abin nan izini ya fita. Nasiru ya yi masa bayanin ɗan aike, ya ce da kansa yake tafiya, kuma ai an riga an gyara, cikakkiyar fatawar tana kan shafi tun jiya.

"Ka gyara cikin waya," in ji Yaya Malam. "Wanda yak karanta rabin ga wani gari, yar ruhe wayatai yat tahi gona, wa ka bin shi shi gyara mai?"

Yaya Malam ya miƙe da kyar, ya sa wa adakar kwaɗo, ya zura makullin a aljihu. Bai ce mu rushe shafi ba, bai ce mu daina ba. Ya ce dai daga yau takardar Malam ba ta sake fita da yawunsa.

A benen Sabon Gari Nasiru ya zazzage mini abin da ke cikinsa. Ya ce kwaɗon nan bai rufe komai ba, domin mun riga mun ɗauki hoton kusan rabin adakar, muna iya ci gaba da bugu ba tare da mun sake taka zauren ba. Ƙungiyar da ta ara mana na'ura ta shirya taron ƙaddamar da shafin, an gayyaci baƙi.

"Goggo, ke ma ɗiyar Malam Babba ta. Gadon ga ba na Babana na shi ɗai ba. Kuskure guda, sai mu bari gara ta cinye sauran? Ki sa ɗan aiken ga shi ɗan jinkirta, mu ci gaba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi damuna. Ina da haƙƙi, ina da makullin ma'ajiya, babu mai iya hana ni. Na yi kwanaki ina juya maganar. Batun tsoro kuwa, ku tambayi Kulu, tun muna yara ni kaɗai ce a gidan nan nake yi wa Yaya Malam musu har ya rasa ta cewa. Tambayar dattijon nan ce ta ƙi barina. Idan muka ci gaba, za a sami Malam Babba biyu a garin nan, ɗaya a waya ɗaya a zaure, kuma mutumin da ya karanta kowane layi a gaban Baba zai dinga cewa bai san na wayar ba. Duk wanda ya zo da takarda daga shafinmu sai ya yi wannan tambayar, kuma ni ba ni da amsarta. Wata safiya na hau benen kafin kowa ya zo, na shiga ma'ajiya na kashe 'yan aiken nan biyu da hannuna, na sauke shafin, na bar layi ɗaya mai cewa ana kan dubawa. Na daɗe a zaune ina kallon allon, raina babu daɗi.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Ƙungiya ta aiko ta ɗauki na'urarta, cikin ladabi dai, amma ta ɗauka. Matasan da ke bugu suka watse. Nasiru ya karɓi aiki a Abuja ya kwashe iyalinsa, gaisuwarsa ta koma gajeren saƙo ranar sallah, wanda ko sunana babu a ciki. Wannan ya yi mini ciwo fiye da komai, domin ɗan nan a bayana ya girma. Damina ta shigo, duk lokacin da na wuce ɗakin Yaya Malam sai in ji warin danshi, in tuna da gara tana can tana aikinta babu mai hana ta. Akwai ranakun da na ce wa kaina na yi wauta.

Da na rasa abin yi, sai na koma zuwa gidanmu na Ƙofar Atiku kullum da safe, in zauna a bakin ƙofar zaure ta ciki ina sauraren karatu. Kulu tana tsokanata wai tsufa ya mayar da 'yar boko makarantar da ta gudu. Wata rana wani ɗalibi, mai furfura ma kuwa, ya kawo littafin da ya kwafa da hannunsa. Ya zauna yana karanta kwafinsa da ƙarfi, Yaya Malam yana riƙe da na asali yana bi da yatsa. Idan ya tsallake kalma a tsayar da shi, ya koma baya. Ba su tashi ba sai da mas'ala ta ƙare, sannan Yaya Malam ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta kalma ɗaya a gefen takardar ɗalibin: sahha, wato ya inganta. Wannan shi ne muƙabala. Na gan shi sau babu adadi ina yarinya, amma ban taɓa kallonsa da idon mai aikin kwamfuta ba sai ranar. Da ɗalibai suka watse na shiga na zauna a gabansa.

"Yaya, in babu sahhag ga hwa?"

"Takarda ta kawai. Mai ita na iya ajiye ta ɗakinai, ba shi karantar da kowa da ita."

"To in na gina maka ɗan aiken da ba shi motsi sai ya ga sahhakka?"

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi mini tun ina satar masa dabino.

"In na ce a'a hwa?"

"Ba ta hita."

"In ina barci, ko na yi tahiya, ke kau kina sauri?"

Nan na gane abin da yake tambaya. Ba na'urar yake shakka ba, ni yake shakka, kuma ya san ƙanwarsa. Na ce masa zan cire hannuna gaba ɗaya.

Na koma gida na yi aikin ni kaɗai a kan tabarmata. Na kulle babban reshen ma'ajiya, wato inda shafi ke ɗaukar abin da zai fitar, ta yadda babu mai iya tura komai cikinsa kai tsaye. Masu bugu su yi ta turawa kaɗan-kaɗan a ƙaramin reshe yadda suka saba, wannan ba ya tashin kowa. Ɗan aike na farko na mayar da shi ba ya motsi sai mai bugu ya ce mas'ala ta kammala yana neman a haɗa ta, kuma ba shafi yake zuwa ba, wayar Yaya Malam yake zuwa ya ce ga mas'ala kaza tana jiran muƙabala. Na biyu, mai zuwa wajen shafi, na toshe masa kunne daga komai sai abu ɗaya: an haɗa aiki da babban reshe. Ikon haɗawar kuma na ba mutum ɗaya, na ɗaure shi da zanen yatsansa. Abu na ƙarshe da na yi shi ne na sauke kaina daga shugabancin ma'ajiyar da na yi wata da watanni ina renonta, na zama mai bugu kamar kowa. Na ɗan tsaya kafin in danna wannan, ba zan yi muku ƙarya ba.

Na kai kwamfutar zaure na nuna masa. Ya ce bai yarda da bayani ba, in gwada fitar da wani abu yana kallo. Na rubuta layi ɗaya na tura babban reshe. Allon ya maido mini da jan rubutu cewa ba ni da izini. Na sake, ya sake ƙi. Yaya Malam ya sa na fassara masa abin da jan rubutun ya ce, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki, dariyarsa ta farko da na ji a shekarar nan.

"Yau na ga abin da yah hana Luba magana. Kulu! Zaka ki gani!"

Sannan ya laluba aljihu ya ciro makullin adaka.

Da fatawar gonar nan muka fara, shi ya zaɓe ta. Ina karantawa daga allo, yana bi a takardar Baba, ya tsayar da ni ya fi a ƙirga, muka cinye safiya guda a kan shafuka ƙalilan. Da muka kai ƙarshe ya ce sahha da bakinsa, ya ɗora babban yatsansa a kan waya. Ɗan aike ya tafi, alama ta yi kore, maganar Baba ta fita cikakkiya. Ya sa aka buga ta a takarda aka kai wa maigarin ƙauyen nan. Babu taro, babu baƙi, daga ni sai shi sai Kulu tana leƙe.

Daga nan aiki ya koma tafiyar tsofaffi biyu. Babu na'ura, da wayata nake ɗaukar hoton takardu, abin da a da muke fitarwa a mako sai ya ci wata. Shekaru suka tafi, idon Yaya Malam ya fara dushewa har ba ya iya bin layi da yatsa. Shi da kansa ya kira Nasiru a waya, ina zaune. Bai roƙe shi ba, bai tuna masa baya ba. Ya ce masa dai ana bukatar ido a zaure. Nasiru ya zo da niyyar mako guda, ya zauna kusa da ubansa yana riƙe masa takardar asali, uban yana sauraro da ka yana gyara mu duka biyu. Mako ya zama wata, aka dawo da iyali daga Abuja. Kafin Yaya Malam ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ya karantar da ɗansa abin da ya rage, ya ba shi izini a gaban ɗalibai, ya sa aka mayar da ikon haɗawa kan yatsan Nasiru. Ban nema wa kaina ba, shi ma bai yi mini tayi ba, domin mun san ban yi wannan karatun ba.

Yanzu ni ke karantawa, Nasiru ke riƙe da takarda, kuma wallahi ya fi ubansa tsanani. Mutumin da ba ya jiran tuwo ya huce, yau sai ya mayar da ni baya sau uku a kan layi ɗaya, yana cewa Goggo a hankali. Gaggawar ta dawo kaina. Muryata tana gajiya kafin azahar, haruffan allo sun fara haɗe mini, kuma abin da ya rage a adaka ya fi wanda ya fita yawa. Na buga da yawa daga cikinsu, suna nan a ƙaramin reshe, gara ba za ta same su ba, jiran muƙabala kawai suke yi. Ba na jin zan ga ƙarshensu, kuma ina so in gani, Allah ya sani ina so.

Shi ya sa na rubuta muku wannan babin tun ina da ƙarfin hannu. Na san ku, kuna da tausayi, musamman ke Hadiza. Ranar da na kwanta, ɗayanku zai je wajen Nasiru da hawaye ya ce Inna ta ba aikin nan ƙarshen rayuwarta, a saki sauran gaba ɗaya ta gani kafin ta tafi. Wataƙila ni da bakina zan roƙe ku, domin ciwo yana sa mutum ya faɗi abin da ba shi ne ra'ayinsa ba. Idan na roƙa, ku riƙe hannuna, ku yi mini addu'a, ku ce mini to. Amma kada ku je wajen Nasiru.